Akuya Ce, Ba E Ba

Ƙanena bai ɓata injin kowa ba. Da wannan zan fara, domin har yau akwai masu baki a wurin aikinmu da ke yaɗa cewa wai injin faranti ya lalata, shi ya sa aka sallame shi. Ƙarya suke yi. Ina wurin, kuma abin da ya faru ta bakina ya bi.

Ba-Zama muke ce masa. Inna ce ta laƙaba masa tun yana rarrafe, don in ka ajiye shi a tabarma ka juya ka ɗauko abu, sai dai ka tsinto shi a bakin ƙofa. Shekara shida na ba shi. Ni na goye shi, ni na san abin da bayana ya sha, ko a goye ƙafafunsa tuƙa keke suke yi. Ba daƙiƙi ba ne, zaman ne ba ya iyawa. Yana aji uku na sakandare ya ce shi kam kujera ta ishe shi. Ni na ƙarasa na fito da takardata, shi ya tafi rumfar mai gyaran rediyo. Daga rediyo ya koma tafireta, da zamanin tafireta ya wuce ya koma kwamfuta, daga nan sai jan waya a cikin silin. Babu malamin da ya koya masa a aji. In abu ya ƙi aiki sai ya kwance shi ya baje a ƙasa, ya yi ta zagaya shi yana masa magana har abin ya faɗi ciwonsa.

Ni na kawo shi gidan buga littattafan da nake aiki. Ni aikina duba kuskure ne, shafi ba ya zuwa inji sai ya bi ta idona. Shi kuwa shekara goma sha tara ya yi, kuma duk wayar da ke cikin ginin nan, sama da ƙasa, shi ya ja ta. An taɓa ba shi tebur da kujera, kafin mako ya zagayo ya jibga kwalayen kebul a kansu. A tsaye yake cin abinci. Matarsa ta ce ko labarai a tsaye yake kallo, hannu a ƙugu, kamar mai jiran mota a tasha.

Matsalar da ta taso ita ce ta adireshi. Kowace na'ura a ginin, kwamfuta ce ko firinta ko inji, sai da adireshi take iya magana da 'yan'uwanta. Da can da hannu yake rubuta wa kowace nata. Muna da guda goma, lafiya lau. Da muka kai arba'in da uku sai abin ya zama kasuwa, domin akwai wani ɗan akwatin wayfai a ofis da ke raba adireshi ga duk wanda ya miƙa hannu, kuma kalmar sirrinsa har maƙwabta sun haddace. Akwai ranar da firintar ofis ta yi shiru tun safe har azahar, ashe wayar mai sayar da ruwan sanyi ta bakin titi ce ta ɗauke mata adireshi.

Sai aka kawo mana sabon Manaja. Mutum ne mai son takarda, bangon ofishinsa duk satifiket ne a cikin gilashi. Ya sayo babbar kwamfutar da za ta riƙa raba adireshi, shi yana ce mata saba, ƙanena yana ce mata uwar garke. Ya kuma gayyato wani Injiniya daga waje ya zo ya duba. Ranar Alhamis ya tara mu a zauren naɗe takarda yana bayani, sai Ba-Zama ya ɗaga hannu daga can baya inda yake jingine da tsani.

"Ranka ya daɗe, ai zan iya haɗa ta."

"Kai? Takardar me kake da ita?"

"Takardata tana cikin silin, ranka ya daɗe. A hau a gani."

Jama'a suka fashe da dariya. Manaja bai yi ba. Ya bari dariyar ta mutu tukuna, sannan ya ce, "To, na ba ka Asabar. Ranar Litinin da safe, na'ura ɗaya ta ƙi tashi, ɗaya tak, ka tattara naka ya naka, Injiniya ya karɓa. Kowa ya ji?"

Kowa ya ji. Ni har cikina na ji. Mutum mai 'ya'ya huɗu, gashinsa ya fara fari, ba takarda, ina zai dosa?

Da aka watse na tare shi a kan matakala. "Bakinka ba ya ciwo? Kai ba za ka iya yin shiru ba?"

"Yaya, zo mu je ina faɗa miki."

"Tsaya ka faɗa mini a nan."

Ina! Ya riga ya yi gaba. Sai da na bi shi ina haki, yana bayani yana leƙa bayan tebura. Ya ce kowace na'ura da lambarta take fitowa daga masana'anta, lambar haihuwa, babu biyu masu iri ɗaya. Zai rubuta wa uwar garke jerin lambobin 'yan gida, kowace lamba da adireshin da aka ware mata. In na'ura ta tashi da safe sai ta yi sallama ta faɗi lambarta, uwar garke ta duba jerin, ta miƙa mata adireshinta, kullum shi ɗin dai. Wadda lambarta ba ta cikin jerin kuwa, ko ta kwana tana sallama ba mai amsa mata.

"To ni ina ruwana?"

"Lambobin suna kan 'yar sitika a bayan kowace na'ura. Ina son mai karanto mini ta waya ina bugawa. Duk ginin nan wa ya kai ki ido?"

"Ka ce dai kana neman wadda za ta shiga ƙarƙashin tebur."

"Haba Yaya. Ke da kika goye ni."

Da wannan maganar yake cin galabata tun muna yara.

Ranar Juma'a ya bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya yana canza musu hali, su daina riƙe tsohon adireshi su koma tambaya. Da ya zo kan injin faranti sai da aka kai ruwa rana. Injin nan shi ne zuciyar gidan, shi yake fitar da farantan da ake ɗora wa injin bugu, in ya tsaya kowa ya tsaya. Mai kula da shi, Mai Faranti, ya fi kishinsa a kan matarsa. Minti biyu ya ba Ba-Zama, yana tsaye a kansa kamar zai cije shi, yana gamawa ya kashe injin, ya datse akwatin wutar da kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu.

Asabar ƙarfe bakwai da rabi muna ciki, daga mu sai Baba Maigadi. Ba-Zama ya shige ɗan ɗakin da aka ajiye uwar garke, ni na ɗauki tocila da tabarau da waya.

Lambar nan guda goma sha biyu ce, bibbiyu, gauraye da alƙaluma da haruffa shida, daga A zuwa F. Na'urar farko ma muka fara faɗa. Na ce "bi", ya buga biyu. Na karanta A yadda aka koya mana a ajin Turanci, ya ji "e", ya buga E. Ya ce a'a, haka ba za ta yiwu ba, kowane harafi sai an ba shi dabba.

"A akuya. B biri. C cinnaka. D doki. F fara."

"E fa?"

Na ji takunsa ta waya, yana kai da komowa a ɗakin da bai fi taku uku ba. "Wai duk dajin nan babu dabba mai E?"

"Ka tambayi Manaja, shi ne mai takardu."

"Ki ce e-na-yarda."

Haka muka kama. Ni da shekara hamsin da ɗaya, a durƙushe a ƙarƙashin teburin mutane, ina kiran dabbobi. "Sifili, sifili. Ɗaya, biri. Doki, huɗu. Cinnaka, e-na-yarda." Abin da na gani a ƙarƙashin teburan nan ba zai faɗu ba: ɓawon ayaba, takalmi ƙafa ɗaya, cingam a liƙe. Mutane ƙazamai ne, a fuska kawai suke wanka. Wata sitikar ta koɗe, wata tana can ƙasan firinta sai na kwanta rigingine. Shi kuma yana ta "Yaya yi sauri," ina ce masa in saurin yake so ya zo ya ari gwiwata.

Da farko in na karanta sai ya maimaita mini, in ce daidai. Wajen ta ashirin ya daina maimaitawa, ni ma ban ce ya yi ba. Ni da nake cin abinci da maimaita karatu, ni ya kamata in tsaya a kan haka, ban tsaya ba. Wajen ta talatin kuma na gaji da "e-na-yarda", na koma cewa "e" kawai, ya gane, muka ci gaba.

Azahar ta gota muka iso injin faranti. Sitikarsa tana baya, tsakaninsa da bango, wurin da ko kyanwa sai ta yi tunani. Na cusa kaina, tocila a hannu ɗaya, ɗayan na dafe bango, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Na karanto goma sha ɗaya. Na ƙarshe ya rage, ƙura ta rufe shi, ina gogewa da yatsa. Daidai nan Baba Maigadi ya leƙo ɗakin, bai ga kowa ba sai ƙafafu.

"Malama, ke ce a ciki?"

"E!"

"Goma sha biyu cif," in ji Ba-Zama a kunnena. "Fito mu hau sama."

Na fito ina kakkaɓe ƙura, ina yi wa Baba faɗan wa kuma yake tsammani, aljani? Ko kaɗan ban kawo komai a raina ba. An ce sun cika, na ɗauka sun cika.

La'asar ya kunna komai. Ya kira ni in zo in gani. A allon uwar garke layuka suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace na'ura ta yi sallama an ba ta nata. Arba'in da biyu. Ya fita bakin titi ya sa mai sayar da ruwa ta gwada wayarta, ta ce ta ƙi, ya dawo yana tsalle kamar yaro. Saura injin faranti, da kwaɗo a jikinsa. Ya kira Mai Faranti ya roƙe shi ya kawo makulli, ko minti biyar.

"Injina ba ya aiki ranar hutu," in ji shi, ya kashe wayar.

Lahadi matar Ba-Zama ta kira ni ta ce, "Yaya, zo ki ɗauki ƙanenki, ya ƙarar mini da simintin tsakar gida."

Litinin tun kafin takwas Manaja yana ƙasa, Injiniya yana gefensa da jakarsa a kafaɗa. Ga kuma wani babban mai kawo mana aiki, ya zo da kansa ya ga an fara farantan littattafan makarantarsa. Ofis ya tashi, ɗakin zane ya tashi, firintoci duk suka amsa. Na fara sakin numfashi. Mai Faranti ya buɗe kwaɗonsa, injin ya yi gurnani ya kawo wuta. Aka tura masa shafin farko daga ɗakin zane, shiru. Aka sake turawa, kwamfuta ta ce ba ta ga inji ba.

A nan halin ƙanena ya ci shi. Maimakon ya je ya zauna gaban uwar garke ya tambaye ta, sai ya ce, "Waya ce!" ya suri tsani. Ya hau silin, ya sauko. Ya canza kan kebul, ya gudu sama, ya dawo ƙasa, ya jawo sabuwar waya tun daga ɗakin zane tana jan ƙasa mutane suna tsallakewa. Gumi har gemu. Mai Faranti yana faɗa wa duk wanda ya tsaya, "Na faɗa, na ce kar a taɓa mini inji." Manaja agogo kawai yake dubawa, yana dubawa yadda kowa zai ga yana dubawa. Baƙon ya nemi kujera. Ni ina bakin ƙofa da jan biro a hannu, na kasa komawa teburina, na kasa shiga.

Minti hamsin ana haka. Injiniya ne, Allah ya saka masa, ya tare shi a gindin tsani ya riƙe hannunsa. "Malam, wayarka lafiyarta ƙalau. Zo ka zauna ka karanta rajista."

Uwar garke tana rubuta duk wanda ya yi mata sallama, wanda ta amsa da wanda ta ƙi. Muka cika ɗan ɗakin. Ba-Zama bai zauna ba, sunkuyawa ya yi. Ga shi nan layi a kan layi, wata na'ura tana ta sallama tun ƙarfe takwas, ana ta share ta. Ya ɗora yatsa a kan lambar yana karantawa a fili, yana haɗawa da ta jerinsa. Goma sha ɗaya daidai. Da ya zo ta ƙarshe sai yatsansa ya tsaya.

"Akuya," ya ce a hankali. "Ni kuma E na buga."

Sai na ji muryar Baba Maigadi a kunnena kamar yanzu yake tambayar.

Goge harafi ɗaya ya yi ya sa wani. Kafin Mai Faranti ya koma ɗakinsa injin ya karɓi adireshinsa ya fara jan shafi. Baƙon ya ga farantinsa na farko ya tafi yana murmushi, ko ƙorafi bai yi ba. Awa ɗaya da minti goma, shi ke nan abin da aka rasa.

Manaja ya ce, "Wa ya yi kuskuren?"

"Ni na buga, ranka ya daɗe."

"Ƙarya yake yi," na ce. "Ni ce. Maigadi ya tambaye ni ko ni ce a ciki, na ce e, shi kuma ya ɗauka harafi na faɗa."

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta. Ba-Zama ya harare ni, irin hararar da ban taɓa gani a fuskarsa ba. A lokacin ban gane ba, sai da Manaja ya buɗe baki.

"Au, ke ce ma kika karanta? An ɗauke ki aikin waya ne? Wato aikin da ginin nan gaba ɗaya ya dogara a kai, da yayarsa da akuya da biri aka yi shi."

Na zo in wanke shi, na ƙara masa laka. Dama mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki.

Injiniya ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce, "Yallaɓai, na duba tsarin nan tun daga sama har ƙasa. Ko ni ne haka zan yi shi. Harafi ɗaya kowa yana iya kuskurewa."

"Na yi magana a gaban jama'a," in ji Manaja. "Ƙarshen wata ya tafi."

Na bi shi har ofis. Abin da na faɗa masa ba zan rubuta duka ba. Na ce shekara goma sha tara ba ta kai awa ɗaya nauyi ba? Na ce in harafi ɗaya ne ke korar mutum, to ya ba ni takardar da ya rubuta wa ma'aikata makon jiya in nuna masa guda bakwai. Ya ce in fita. Na fita, kuma ban rufe masa ƙofar a hankali ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shi wanda aka yi wa abin. Ina ta tafasa, shi yana ta aiki. Kwana goma sha ɗayan da suka rage masa ya ƙarar da su yana jan Injiniya lungu-lungu, yana nuna masa wace waya ta bi ta ina, ina ruwa ke ɗiga, wane katako ne ba a takawa. Ya bi na'urorin nan arba'in da uku ya sake karanta lambobinsu da idonsa, ya buga jerin a takarda, ya kawo mini teburina.

"Duba mini, Yaya."

"Ni? Bayan abin da na yi maka?"

"Wa zan kai wa, Mai Faranti?"

Na duba sau uku. Ban iya haɗa ido da shi ba. Na ce masa ya yi fushi mana, ya zage ni ko sau ɗaya ne in samu sauƙi. Ya ce shi ba shi da lokacin fushi, akwai wani otal da wata makaranta da aka ce suna neman mai jan waya, zai leƙa. Aka ce. Da "aka ce" za a ciyar da yara huɗu?

Ranar ƙarshe, bayan la'asar, na same shi a ɗakin uwar garke. Tsohuwar kwamfutarsa ta hannu tana buɗe a kan kwali, wadda murfinta ke ɗaure da salatif. Ya gangara can ƙasan jerin. Ashe akwai layi na arba'in da huɗu, nata ne.

"Me za ka yi?"

"Cire ta zan yi."

"Bar ta mana. Wa zai sani? In ka zo gaishe ni ka samu na duba saƙo."

"Injiniya zai gani ya rasa ta wace ce, ya yi ta neman na'urar da babu." Ya goge layin, ya adana, ya sake tayar da uwar garke. Muka tsaya muna kallon kwamfutarsa. Ya cire mata waya ya mayar. 'Yar alamar da ke ƙasan allon ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa, sannan ta tsaya da jan gicciye.

"Yauwa," ya ce. "Uwar garke tana aiki."

Ya rufe ta ya cusa a jaka, ya miƙa wa Baba Maigadi makullin ɗakin. Tsanin nasa ne, da shi ya zo, ya saɓa shi a kafaɗa. Ya bar mini kwalin kayan aikinsa in riƙo masa zuwa bakin titi. Kafin in daidaita kwalin a hannu ya kai ƙofar waje, kafin in kai ƙofar ya tsallaka titi, tsanin yana lilo a saman kawunan mutane.

"Kai Ba-Zama! Don ubanka kwalin nan da nauyi!"

"Uban namu ɗaya ne, Yaya!" ya ɗago murya daga can, bai ko waiwayo ba. "Taho, za a rufe otal ɗin nan ban ga mai shi ba!"